Konyuwa: Ƙaramin akun da cinikin tsuntsaye ya jefa cikin haɗari

Konyuwa suna ne da masu kiwon tsuntsaye suka bai wa wasu ƙananan aku masu dogon wutsiya, waɗanda asalinsu dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. A siffa sun yi kama da tsirya. Wanda aka fi ajiyewa a gida shi ne mai koren kunci, ɗan asalin Bolibiya da Brazil da Ajantina da Paraguwai, wanda tsawonsa bai wuce santimita 26 ba.

Ƙanƙantarsa kan yaudari mai saye. Tsuntsun na iya rayuwa shekara 20 ko fiye, kuma a daji cikin garke yake rayuwa. Idan aka kulle shi a keji shi kaɗai, yakan shiga ƙunci har ya riƙa fige gashin jikinsa. Yana buƙatar keji mai faɗi, da sa'o'in shawagi a waje kullum, da ganyaye da 'ya'yan itatuwa bayan hatsi. Afokado da cakulan da gahawa guba ne gare shi, haka ma hayaƙin kaskon Teflon da ya yi zafi fiye da kima. Yana kuma iya yaɗa wa mutane cutar zazzaɓin aku.

Babbar tambaya ita ce daga ina tsuntsun ya fito. Wani nau'insa mai launin rawaya da ruwan lemo, da ke arewacin Brazil da Guyana, ya shiga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa na ƙungiyar IUCN a 2008, musamman saboda kama shi da ake yi don sayarwa. Amurka ta taƙaita shigo da tsuntsayen daji a 1992, Tarayyar Turai kuma ta haramta shi a 2007.

Yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke cikinta, ta wajabta takardar izini kafin a ketare iyaka da irin wannan tsuntsu. Ita ce kuma a 2016 ta haramta cinikin akun Afirka mai launin toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

Don haka wajibi ne mai saye ya nemi shaidar cewa a hannun makiyayi aka ƙyanƙyashe tsuntsun, kamar zoben da ake sanya masa a ƙafa tun yana ɗan tsako. Inda babu shaida, kuɗin mai saye na iya ƙarewa a aljihun masu fasa-ƙwauri.