Alaƙar naƙasa da ƙarancin abinci

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato ɗaya cikin kowane mutum shida a duniya, na rayuwa da naƙasa mai tsanani. A ƙasashe masu arziki da matalauta, bincike ya sha nuna cewa gidan da ke da mai naƙasa ya fi saurin faɗawa cikin ƙarancin abinci. Alaƙar ta fuska biyu ce, domin naƙasa kan jawo yunwa, yunwa kuma kan haifar da naƙasa.

Fuska ta farko lissafin aljihu ce. Mai naƙasa yakan rasa aiki ko ya samu wanda bai taka kara ya karya ba, alhali kuɗin da yake kashewa sun fi na sauran jama'a: magani, keken guragu, sandar makafi, kuɗin mota zuwa inda wani zai taka da ƙafa. Sau da yawa wani a gidan, galibi uwa ko 'ya mace, kan bar sana'a ko makaranta don kula da shi. Idan farashi ya tashi, kamar yadda hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, abin da ake fara ragewa a irin wannan gida shi ne na tukunya. A karkara kuwa, manomin da ya makance ko ya rasa ƙafa yakan ba da aron gonarsa ko ya jinginar da ita.

Ko tallafin ya zo, isa gare shi wani aiki ne. Kurma ba ya jin sanarwar rediyo, makaho ba ya karanta jerin sunayen da aka liƙa a bango, gurgu kuma ba shi da ƙarfin kutsawa cikin layi. Turmutsutsun da ya hallaka mutane da dama a wuraren rabon abinci a Ibadan da Okija da Abuja cikin Disamban 2024 ya nuna irin haɗarin da ke cikin wannan layi, har ga masu cikakkiyar lafiya.

Fuska ta biyu ta fi shafar yara. Ƙarancin sinadarin bitamin A na jawo dundumi, ya kai ga makanta. Rashin aidin a jikin mai juna biyu na tauye ƙwaƙwalwar jariri, shi ya sa aka wajabta sanya shi a gishirin da ake sayarwa a Najeriya tun farkon shekarun 1990. Akwai kuma cutar noma (sunan daga Girkanci yake, bai shafi noman gona ba), wadda ke zaizaye baki da fuskar ƙananan yara masu tamowa. Yaron da ya tsira daga ita yakan kasa tauna abinci yadda ya kamata, sai tamowar ta ƙara samun wurin zama. A Sakkwato akwai asibiti na musamman da ke kula da masu wannan cuta, kuma a Disamban 2023 WHO ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Ta fannin doka, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010, wadda sashe na 28 nata ya ambaci isasshen abinci ƙarara. A Janairun 2019 aka sanya hannu kan dokar haramta nuna musu wariya. Dokar ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ce a fara sallamar su a layi, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma yawancin ofisoshi da kasuwanni na nan da matakalarsu.

Babban giɓin shi ne na alƙaluma. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma rahoton Cadre Harmonisé, wanda ya yi hasashen mutum miliyan 33 za su shiga matsananciyar yunwa tsakanin Yuni da Agustan 2025, yana lissafi ne bisa jihohi da ƙananan hukumomi. Wanda ke tsara rabon abinci da irin wannan lissafi zai san yawan buhunan da zai kai gari, ba tare da ya san gidaje nawa ne ba su da mai iya zuwa ya ɗauka ba.