Rawar Masu Masauki a Aikin Tawagogin Auna Bunƙasar Ƙwaƙwalwar Yara: Nazari Daga Yammacin Ostireliya

Tsakure

Maƙalar nan ta duba abin da ke faruwa idan ƙwararrun auna bunƙasar ƙwaƙwalwa da jijiyoyin yara suka bar manyan asibitocin birni, suka sauka a ƙananan asibitoci, makarantu da gidajen kula da yara. Ta dogara ga bincike biyu da aka wallafa daga jihar Yammacin Ostireliya: aikin Lililwan a kwarin Fitzroy, da nazarin gidan tsare kangararrun yara na Banksia Hill. Abin da take kafa hujja a kai shi ne, ingancin sakamakon tawaga mai ziyara yana rataye ne a wuyan wanda ya sauke ta.

Gabatarwa

A 2018 mujallar Lancet Global Health ta wallafa wani nazari da likitar yara 'yar Nijeriya Bolajoko Olusanya ta jagoranta. Nazarin ya ƙiyasta cewa a 2016 yara miliyan 52.9 'yan ƙasa da shekara 5 na da wata nakasa ta bunƙasa, kuma kusan kashi 95 cikin 100 nasu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki. Gano irin wannan larura ya fi ƙarfin likita ɗaya da ganin minti goma. Ana buƙatar likitan yara, masanin halayyar ɗan Adam, ƙwararre kan harshe da furuci, mai duba motsin gaɓoɓi, da mai auna ji. Ko a ƙasashe masu arziki ba a samun su duka sai a birane. Shi ya sa ake ɗaukar tawagar gaba ɗaya a kai ta inda yaran suke. Rahotanni kan yi bayanin tawagar dalla-dalla, masu masauki kuwa sai a sallame su da layi ɗaya na godiya, alhali ba su cancanci haka ba.

Kwarin Fitzroy

Garin Fitzroy Crossing yana da nisan kusan kilomita 400 gabas da Broome, a yankin Kimberley. Mutanen kwarin kusan 4,500 ne, mafi yawansu 'yan asalin ƙasar, a warwatse cikin ƙauyuka sama da 40, da manyan harsuna biyar: Bunuba, Gooniyandi, Walmajarri, Wangkatjungka da Nyikina. A 2007 matan yankin, ƙarƙashin jagorancin June Oscar da Emily Carter na cibiyar mata ta Marninwarntikura, suka matsa har hukuma ta taƙaita sayar da barasa mai ƙarfi ta tafi-da-gidanka. Daga nan hankalinsu ya koma kan yaran da aka haifa bayan iyayensu mata sun sha barasa da juna biyu, larurar da likitoci ke kira FASD.

Abin lura a nan shi ne wanda ya fara kiran wani. Cibiyar matan da hukumar lafiya ta Nindilingarri su ne suka gayyaci Jami'ar Sydney da Cibiyar George, inda farfesa Elizabeth Elliott da likita James Fitzpatrick suka shigo cikin aikin. Shan barasa da ciki magana ce mai nauyi da kunya, wadda uwa ba za ta buɗe wa baƙo ita ba. Duk da haka, a 2010 an tattauna da iyaye ko masu riƙon yara 127 da aka haifa a 2002 da 2003, wato kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka cancanta, kuma bayanansu suka nuna an sha barasa a fiye da rabin cikunnan. Da wuya a kai wannan adadi ba tare da 'yan gari da aka ɗauka aikin jagora ba. Su ne suka san gidan kowa, suka san wace goggo ko kaka ke riƙon wane yaro, suka yi tafinta, suka kuma san lokacin da dangi ke zaman makoki bai kamata a tunkare su ba.

A 2011 tawagar ta auna yara 108. An samu 21 daga ciki, kashi 19.4 cikin 100, da FASD, adadin da yake cikin mafi yawa da aka taɓa wallafawa a duniya.

Yadda aka kai ga wannan adadi shi ne ya fi jan hankalin mai nazari. Yawancin gwaje-gwajen basira an tsara su ne da Turanci, a kan yaran birni. Yaron da ke magana da Kiriyol na Kimberley a gida zai iya faɗuwa gwajin saboda harshe kawai, a rubuta masa raunin da ba shi da shi. Don haka aka yi amfani da gwajin UNIT, wanda ake gudanarwa da ishara ba tare da furta kalma ba. Ciwon kunne kuma ya yi yawa tsakanin yaran 'yan asalin Ostireliya, kuma yaron da ba ya ji sosai sai ya yi kama da marar natsuwa, saboda haka aka sa auna ji cikin aikin. Batun ɗabi'a kuwa, malaman makaranta ne suka cika takardun bayani a kan ɗalibansu, ban da na iyaye. Ƙwararren da ya ga yaro na 'yan sa'o'i ba zai san abin da malamar da ke ganinsa kullum ta sani ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma tsarin Lililwan ya yi aiki da wannan gaskiyar.

Banksia Hill

Masauki na biyu ya sha bamban. Banksia Hill da ke Perth gidan tsare yara masu laifi ne, inda ƙofa da lokaci ke hannun masu gadi. Tsakanin 2015 da 2016 tawagar Cibiyar Telethon Kids ƙarƙashin farfesa Carol Bower ta kammala auna matasa 99 a can. Sakamakon da mujallar BMJ Open ta buga a 2018 ya nuna 36 na da FASD, kuma kashi 89 cikin 100 na da mummunan rauni a aƙalla fanni ɗaya na aikin ƙwaƙwalwa. Biyu kacal daga cikin 36 ɗin aka taɓa ganowa a baya. Waɗannan yara sun ratsa makarantu, asibitoci, ofisoshin walwala da kotuna, ana yi musu kallon masu taurin kai. Abu ne mai ciwo. Bayan binciken sai aka tsara horo ga ma'aikatan gidan, domin wanda ke ba yaro umarni safe da yamma ya san cewa jimla mai tsawo ba ta zama a kansa.

Bayan tafiyar tawaga

A nan ne tsarin ziyara ya fi rauni. Rahoto mai shafi da yawa da aka ajiye a durowa ba ya canza zaman yaro a aji. A Fitzroy an ba iyalai sakamakon 'ya'yansu tare da tsarin kulawa, kuma bayan kusan shekara goma cibiyar Marninwarntikura da Jami'ar Sydney suka sake bibiyar waɗannan yara a aikin Bigiswun Kid, lokacin sun zama matasa. Hakan ya yiwu ne saboda cibiyar da ta yi gayyata tana nan a garin, da mutanenta da amanar da aka ba ta.

Arewacin Nijeriya na da nata dalilin kula da wannan darasi, ko da yake musabbabin ba ɗaya ba ne. A 2010 gubar dalma daga sarrafa zinariya a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara ta kashe yara sama da 400, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro taɓawar da ba ta warkewa. Ga kuma sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da shawarar jarirai, waɗanda duk kan bar rauni a ji, magana ko koyo. Ƙwararrun da za su auna wannan sun fi taruwa a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Idan tawaga za ta fita daga can zuwa ƙauye kamar Bagega da gubar dalmar ta shafa, masu saukar ta su ne jami'in lafiya na asibitin sha-ka-tafi, malamin firamare da na Islamiyya, ungozoma da mai unguwa, kuma ya dace a sa su cikin tsari da kasafi tun kafin mota ta tashi. Kayan gwajin ma dole su dace da yaron da ya tashi da Hausa ko Fulfulde. Malawi ta nuna hakan mai yiwuwa ne a 2010, lokacin da Melissa Gladstone da abokan aikinta suka wallafa ma'aunin bunƙasa da aka gina a kan yaran karkarar ƙasar.