Tarihin Mazaɓar Lakemba a Majalisar Jihar New South Wales

A shekarar 1927, sa'ad da Jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya ta yi watsi da tsarin zaɓen da ta jarraba tun 1920, wanda a cikinsa mazaɓa guda kan aika wakilai uku ko biyar, ta koma ga tsohuwar ta'adarta ta wakili ɗaya ga kowace mazaɓa, sai aka sake yanka ƙasar, aka fid da sababbin mazaɓu, cikinsu har da Lakemba, a kudu maso yammacin birnin Sidni. Unguwa ce ta ma'aikata masu cin gumin goshinsu, wadda ta soma tumbatsa bayan jirgin ƙasa ya iso ta a 1909, saboda haka ba abin mamaki ba ne da ta miƙa wuya ga jam'iyyar Leba tun daga zaɓen farko, ba ta kuwa taɓa zaɓen wata jam'iyya ba har ranar da aka shafe ta.

Wakilinta na fari, Fred Stanley, ya riƙe kujerar har 1950, lokacin da ya saɓa da jam'iyyarsa, ya tsaya da ƙafarsa, jama'a kuwa suka bi jam'iyya suka bar shi, suka zaɓi Stan Wyatt. Bayansa Vince Durick ya yi shekara ashirin, daga 1964 zuwa 1984, kuma a zamaninsa ne al'amarin da ya fi komai girma a tarihin mazaɓar ya auku, alhali kuwa ba a zauren majalisa ya auku ba. Yaƙin basasar da ya ɓarke a Labanan a 1975 ya koro dubban muhajirai, da yawansu Musulmi, suka sauka a Lakemba da kewayenta, inda 'yan'uwansu da suka riga su zuwa suka riga suka sa harsashin masallaci a titin Wangee, wanda aka kammala a 1977 da sunan Imam Ali bin Abi Ɗalib. Sannu a hankali titin Haldon ya cika da mahauta masu yankan halal, da masu gasa gurasa, da kantunan littattafan addini, har ya zamanto a dararen Ramadan mutane kan yi tururuwa daga ko'ina cikin birnin, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, su kwana ana ciniki har sahur.

To, amma wakilci bai bi sawun wannan sauyi da hanzari ba, kuma a ganina nan ne aibin kujerar da jam'iyya ta tabbata ba za ta kuɓuce mata ba, domin hukuncin wanda zai hau ta yakan tashi daga hannun talakawa ya koma hannun 'yan tsirarun da ke tsai da ɗan takara. Gaskiya ne Lakemba ta sami ɗaukaka da Morris Iemma, ɗan baƙin da suka zo daga Italiya, wanda ya wakilce ta daga 1999, ya kuma zama Firimiyan jihar daga 2005 zuwa 2008, sa'an nan Robert Furolo ya gaje shi a kujerar mazaɓar. Duk da haka sai a 2015, shekara talatin da takwas bayan buɗe masallacin, Jihad Dib, haifaffen Labanan da aka kawo yana ƙaramin yaro, wanda ya yi suna da gyara makarantar sakandaren samari ta Punchbowl sa'ad da yake shugabanta, ya ci kujerar, ya zama Musulmi na farko a majalisar wakilan jihar.

Bai daɗe a kanta ba. Doka ta wajabta a riƙa daidaita adadin masu jefa ƙuri'a tsakanin mazaɓu 93 na jihar, da yake kuwa jama'a sun yawaita a sababbin unguwannin bayan gari, sai masu yankan iyaka suka hukunta a 2021 cewa a ƙirƙiri mazaɓar Leppington, a rushe Lakemba, a raba ƙasarta ga maƙwabtanta. A zaɓen 2023 Dib ya tsaya a mazaɓar Bankstown ya ci, aka naɗa shi minista a gwamnatin Chris Minns, mazaɓar Lakemba kuwa ta fita daga littafin majalisa tana da shekara casa'in da shida.