2.1 Taƙaitaccen Tarihin Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna

Wannan fasali zai yi tsokaci a kan yadda gidan rediyon Kaduna ya tashi daga mallakar Jihar Arewa ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Tun a shekarar 1957 akwai hukumar NBC mai watsa shirye-shirye daga Legas, amma shugabannin Arewa suna ganin ba ta bayyana ra'ayinsu yadda ya kamata. Wannan dalili ne ya sa gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, ta kafa kamfanin BCNN a shekarar 1962, wanda ya haɗa rediyo da talabijin.

A shekarar 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shigar da gidan ƙarƙashin hukumar FRCN. Duk da wannan canji, bai rabu da masu sauraronsa ba, domin ya riƙe harshen Hausa. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori da wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi sun isa ƙauyukan da jarida ba ta zuwa, har da na Jamhuriyar Nijar, ta gajeren zango.