Sassaucin Shagari a Ma'aunin Bakolori

Idan aka ambaci Alhaji Shehu Shagari, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne haƙuri da sanyin hali. Malamin makaranta ne da ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya yi minista a gwamnatin NPC, ya riƙe ma'aikatar kuɗi a zamanin Gowon, sannan ya zama shugaban ƙasa a ƙarƙashin NPN ranar 1 ga Oktoba, 1979. Ɗan mazan jiya ne na gidan Sardauna, amma har abokan hamayyarsa suna yi masa shaidar sassauci. Mu da muka taso tsakanin Damaga da Mafara da Bakura muna da dalilin sake ɗora wannan shaida a kan sikeli.

Shaidar ba ta rasa tushe ba. Shagari ya ƙulla ƙawance da NPP ta Azikiwe, ya ba ta kujerun minista. Ya yi wa Gowon afuwa a 1981, ya yi wa Ojukwu a 1982, shekara goma sha biyu bayan yaƙin basasa. Mai riƙo a zuci ba zai yi haka ba.

Sai dai duk waɗannan manya ne, masu jama'a da ƙuri'a. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta ba ma yabon aiki sai mun ga yadda ya yi ranar da nauyi ya hau kansa. Ranar nauyin Shagari a ƙasarmu ta faɗo.

Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978, tun mulkin soja. Ruwa ya tashi dubban mutane daga gidajensu. Waɗansu kuma aka karɓe gonakinsu don a daidaita ƙasa a haƙa magudanai, damina ta bi damina ba su yi shuka ba, diyya kuma ta zama gafara sa. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba. Wasu ƙididdigar sun haura 380.

Adalci ne mu ce Shagari gadar rikicin ya yi, kuma gwamnan Sakkwato na lokacin, Shehu Kangiwa, shi ya fi kusa da wutar. Amma 'yan sanda na tarayya ne, hukumar kogin Sakkwato da Rima ta tarayya ce, gwamnan ɗan NPN ne, jihar kuma ta shugaban ƙasa ce. A shekarar ce ma ya ƙaddamar da shirinsa na bunƙasa noma. Ba kuma Bakolori kaɗai ba: a Janairun 1980 gwamnatinsa ta kori Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, zuwa Chadi da sunan baƙo ne, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa.

Hukuncinmu shi ne, sassaucin Shagari gaskiya ne, amma yana da iyaka. Ya yi yalwa a teburin rabon muƙamai, ya ƙuntata a bakin gona. Taushin murya halin mutum ne. Sassauci a mulki kuwa shi ne mai iko ya riƙe hannun 'yan sandansa a gaban wanda ba shi da kowa.

Ya rasu a Disambar 2018, Allah Ya jiƙansa. Darasin na masu rai ne. Duk dattijon siyasar da aka kawo mana gobe aka ce mai sassauci ne, kada furfura da lallausan lafazi su ishe mu. Mu bincika ranar da talakawa suka tare masa hanya: wa ya aika musu, kuma me ɗan aiken ya riƙo a hannu?