Daraktan da Ya Ajiye Littafinsa: Tarihin Stanislavski

A wannan makon za mu leƙa ƙasar Rasha, wurin mutumin da ya shafe shekara 40 yana kokawa da tambaya ɗaya: yaya darakta zai sa ɗan wasa ya daina nuni, ya rayu a kan dandamali?

An haifi Konstantin Stanislavski a Mosko a 1863, a gidan attajirai masu masana'antar zaren zinari. Sunan gidansu Alekseyev. Ya ari wani suna ne domin a zamanin ba a ganin wasan kwaikwayo ya dace da ɗan babban gida. A 1897 ya zauna da marubuci Vladimir Nemirovich-Danchenko suka yi tattaunawar awa 18, wadda ta kai su ga buɗe Gidan Wasan Fasaha na Mosko a 1898.

Da farko Stanislavski mai kama-karya ne. A shekarar buɗe gidan suka ɗauki wasan Anton Chekhov mai suna Chaika, sunan wani tsuntsun bakin ruwa, wanda ya sha kunya ranar da aka fara nuna shi a birnin Sen Pitasbag a 1896. Stanislavski ya keɓe kansa a ƙauye ya rubuta komai: inda kowa zai tsaya, lokacin da zai yi shiru, lokacin da zai share gumi, har da kukan kwaɗi a bayan fage. Aikin ɗan wasa kawai ya bi abin da aka rubuta. Wasan ya samu karɓuwa ƙwarai, har yau hoton tsuntsun ne tambarin gidan.

Da wani ne, da ya riƙe wannan hanya har mutuwa. Amma a 1906, yana hutu a ƙasar Finlan, ya lura cewa shi kansa, da yake ɗan wasa ne, rawar da ya daɗe yana takawa ta zama al'ada: jiki na motsi, zuciya ba ta nan. Ya gane cewa tsarin da ya kawo masa suna shi ne ke busar da 'yan wasansa.

Daga nan ya koma kan tebur. A 1909, wajen shirya wani wasan Turgenev, ya zaunar da 'yan wasa suna yanka rubutun gunduwa-gunduwa, suna tambayar me wannan mutum yake so a nan, me ya hana shi samu. Ya kuma nemi kowa ya tono abin da ya taɓa ji a rayuwarsa, baƙin ciki ko tsoro, ya ara wa wanda yake wakilta. Wannan sashe na koyarwarsa ne ya fi kama ƙasa a Amurka bayan ziyarar da gidan ya kai can a 1923.

Sai dai ita ma wannan hanya bai tsaya a kanta ba. Ya ga 'yan wasa na tashi daga tebur kai cike da bayani, jiki kuwa a sandare. Bayan ciwon zuciya ya raba shi da hawa dandamali a 1928, ya juya tsarin baki ɗaya. Yanzu ɗan wasa zai san abin da ke faruwa a fage, ya miƙe ya gwada shi da kalmomin bakinsa, sai aikin ya zauna a jikinsa sannan a ba shi kalmomin marubuci ya haddace. Da haka yake gwajin wasan Tartuffe na Moliere lokacin da ya rasu a 1938. Almajirinsa Mikhail Kedrov ya ƙarasa shi a 1939.

Abin da ya kamata mu lura da shi: mutumin da ya fara da rubuta wa ɗan wasa lokacin share gumi, ya ƙare yana ɓoye masa rubutun. Sau biyu yana rushe hanyar da ya gina da hannunsa, ba don ta kāsa kawo masu kallo ba, sai don ya ga tana cutar da waɗanda yake jagoranta. Mu nawa ne, malamai ko shugabanni, za mu iya ajiye littafin da ya yi mana suna?

Mu haɗu mako mai zuwa da yardar Allah.