Tarihin Faci a Manhajar Uwar Garke: Daga NCSA HTTPd Zuwa Apache

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin kwamfuta sun fi mayar da hankali kan wanda ya ƙago manhaja, ba su cika waiwayar wanda ya yi ta ɗawainiyar gyaranta ba. A wannan maƙala za mu bi diddigin wata 'yar ƙaramar manhajar uwar garke, wato irin wadda ke miƙa shafukan intanet ga duk wanda ya nema, domin mu nuna cewa ɗorewar manhaja tana hannun masu ɗinke mata ɓaraka. Gyaran da ake liƙa wa rubutun manhaja shi muka kira faci, kamar dai yadda ake yi wa taya.

2.0 Mafari

A shekarar 1993 ne Rob McCool, wanda a lokacin ɗalibi ne, ya rubuta NCSA HTTPd a cibiyar NCSA ta Jami'ar Ilinoi da ke Amurka. Da yake kyauta ake ba da ita haɗe da ainihin rubutunta, nan da nan ta bazu. To amma a tsakiyar 1994 McCool ya bar cibiyar ya koma kamfanin da daga baya ya zama Netscape, sai aikin ya yi sanyi. Kowane mai kula da uwar garke ya shiga yin nasa facin shi kaɗai, har ya zamana mutane da dama suna wahala a kan kuskure guda ba tare da sanin juna ba.

3.0 Ɓarakar 1995

A watan Fabrairun 1995, Thomas Lopatic ya bayyana wata mummunar kafa a fitowa ta 1.3. Manhajar ta keɓe gurbi mai ɗaukar harafi 256, amma ba ta auna tsawon adireshin da baƙo ya aiko kafin ta zuba shi a ciki. Saboda haka idan mugu ya aiko da doguwar buƙata, sai ta cika gurbin ta malala zuwa makwabtansa a ƙwaƙwalwar na'ura, ta haka ya cusa nasa umarnin. Cibiyar CERT ta fitar da gargaɗi, kuma daga cikin matakan gaggawa har da faɗaɗa gurbin zuwa 8192. Sai dai faɗaɗawa rage haɗari ne kurum. Maganin asali shi ne auna saƙo kafin karɓarsa.

4.0 Haɗa Kai

A cikin watan nan ne mutum 8, ciki har da Brian Behlendorf da Cliff Skolnick, suka haɗu don tattara facin da ya warwatsu, suka gwada shi, suka ɗora a kan fitowa ta 1.3. Sakamakon shi ne Apache 0.6.2 a watan Afrilun 1995. Daga nan Robert Thau ya sake fasalin ginin, aka fitar da 1.0 a Disamba. Cikin 1996 ta zarce uwarta yawan masu amfani, NCSA kuwa ta daina aikin tata manhajar a 1998. A 1999 aka kafa gidauniyar Apache.

Abin lura a nan shi ne tsarin da suka shimfiɗa. Faci yana bukatar amincewar mutum 3, kuma wanda ya hau kujerar na-ƙi dole ya kawo hujjar da ta shafi aikin. Da haka gyara ya tashi daga wuyan mutum ɗaya ya koma wuyan jama'a, ta yadda tafiyar wani ba za ta sake tsayar da aiki ba.

5.0 Faci a Kan Faci

Duk da haka ba mu ce tsarin ya kawar da kuskure ba. A Yunin 2002 an gano kafa a yadda Apache ke karɓar saƙon da aka aiko gutsure-gutsure, har wata tsutsar kwamfuta mai suna Scalper ta bi ta nan ta afka wa na'urori masu FreeBSD. Haka kuma a 2021, wani canji da aka yi a fitowa ta 2.4.49 wajen tace adireshi ya ba baƙo damar leƙa fayilolin da ba a nufe shi da su ba, a inda ba a tsaurara izini ba. An fitar da 2.4.50 ranar 4 ga Oktoba, sai aka tarar gyaran bai toshe kafar duka ba, dole aka biyo da 2.4.51 ranar 7 ga wata.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa kafar 1995 da ta 2021 tushensu ɗaya, wato sakaci wajen binciken abin da baƙo ya aiko. Mun kuma ga cewa shi kansa gyara yana iya haifar da sabuwar ɓaraka. Don haka muke ganin ya kamata masu nazarin tarihin manhaja su ɗauki kundin gyare-gyare a matsayin madogara ta farko, domin a cikinsa ne ake ganin wanda ya riƙe aikin bayan mai shi ya tafi.